Jegon Haƙori

'Ya'yana, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan har kun ɗauke ta gaskiya, wai Gwaggonku Hajo ta kusa kashe ni da kunu da ruwan zafi a shekarar da aka cire mini haƙori. Kuna faɗa kuna dariya, har jikoki sun haddace. Ni kuma ina zaune ina jin ku ban taɓa tankawa ba, saboda wani alkawari da na ɗauka. To yanzu wadda na yi wa alkawarin ta koma ga Ubangijinta, Allah Ya haskaka makwancinta, kuma na yi shawara da babanku ya ce in rubuta. Gwaggonku ba ta yi mini laifi ba. Ni na yi mata, ita kuma ta ɗauki laifin ta goya har kabarinta.

Sai kun fara sanin wace ce uwarku. Tun ina budurwa nake karɓar hayar littattafan soyayya a kasuwa, in karanta ɗaya a wuni, in wanke kwanuka ina ganin kaina a cikin labarin. Abin mamaki, ba wurin biki na fi so ba, ba kuma wurin da saurayi ke zuba kalamai ba. Wurin da na fi so shi ne inda yarinyar za ta kwanta rashin lafiya. Za a shimfiɗa mata sabon zanin gado, dangi su kewaye ta, wata ta riƙe mata hannu, mijin ya zauna a gefe da cokali yana lallashi. Nakan karanta wannan shafin sau uku kafin in wuce. Kun san mahaifiyata ta rasu ban yi wayo ba. Haihuwa biyar na yi, maƙwabta ne suka yi mini wanka a gaggauce, Allah Ya saka musu, da an yi suna kuma na koma bakin murhu. Babanku mutumin kirki ne, amma mutumin ofis ne, maganarsa gajera. In na yi zazzaɓi zai sayo magani ya ajiye a kan tebur ya ce biyu da safe biyu da yamma, shi ke nan ya gama jinya.

Yaya Hajo ita ta raini babanku bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka uwa ce a wurinsa ba yaya kawai ba. Aure ya kai ta Kudu shekaru masu yawa, shi ya sa duk haihuwar da na yi ba ta nan. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan gado a Ƙofar Durbi, ba ɗa ba jika. Sai Allah Ya ba ta wani abin riƙewa. Duk macen da ta haihu a unguwar ba ta da uwa a kusa, Hajo ake aika wa. Tana da wata ƙatuwar tukunya ta dafa ruwan wanka, in ka ga an fito da ita ka san wani gida ya samu ƙaruwa. Ba ta da abin taƙama a duniya sai wannan, a ce hannun Hajo.

Haƙorin nawa turmi ne na can ƙurya a ƙasa, ya fito a kwance, rabinsa a cikin dasashi, ya ruɓe ta ciki. Na yi shekara biyu ina lallaɓa shi da kanumfari har ya daina jin magana. Likita ya ce ba cirewa ba ce kawai, sai an tsaga dasashin an fasa shi an fitar da shi gutsure-gutsure, sannan a ɗinke. Ranar aikin babanku yana da taro a ofis, sai Yaya ta raka ni, ta zauna a benci a waje tana jan carbi. Aikin kansa ban ji zafinsa ba saboda allura, sai dai ƙarar da ke tafiya cikin ƙashin kai. Da aka gama, wata nas ta cusa mini auduga ta ce in cije, ta tsaya a gabana ta yi mini bayani da Hausa tsantsa.

"Mama, ki saurare ni da kyau. Jini zai daskare a cikin ramin nan, shi ne murfinsa. In ya fita ƙashi ya zauna a buɗe, wallahi sai kin gwammace ciwon da kika zo da shi. Yau kada ki kurkure baki, ko a alwala ki bi a hankali. Kada ki sha abu mai zafi, kada a gasa miki kunci. Tsumma mai sanyi za ki riƙa ɗorawa. Gobe ki fara ruwan gishiri mai ɗumi-ɗumi."

Ta miƙo mini takarda, duk abin da ta faɗa yana rubuce a ciki, gefe ɗaya Hausa gefe ɗaya Turanci. Na ninke ta na sa a jaka. Ina so ku riƙe wannan: na ji, na fahimta, kuma na iya karatu.

Muna isa gidanmu a Kambarawa na tarar da tukunyar Yaya a tsakar gidana. Ashe tun da safe ta sa an kawo ta da itace da ganyen bedi. Ta riga ni shiga ɗaki, ta yaye zanin gado ta shimfiɗa sabo, ta sa turaren wuta, ta zaunar da ni, sannan ta durƙusa ta cire mini takalmi da hannunta. Tun da nake ba wanda ya taɓa cire mini takalmi.

"Rabi, ɗiya biyar kika haifa ma ƙanena, ko ɗaya ban yi maki jego ba," in ji ta. "Yau Allah Ya kawo ki hannuna. Duk inda aka sa wuƙa aka yi ɗinki, jego ne. Kwanta, ko tsinke ba ki ɗauka a gidan nan sai na sallame ki."

A nan ya kamata in buɗe jaka. Kalma uku ta isa, Yaya ba mai gardama da likita ba ce. Amma na kwanta, ƙamshin turare ya lulluɓe ni, na ji tana hura wuta tana 'yar waƙarta, sai na ga ai shafin nan ne da nake karantawa sau uku, ga shi ya zo ya same ni ina da shekara arba'in da 'yan kai. In na nuna takardar, za a kashe wutar, a mayar da tukunya, a bar ni da tsumma mai sanyi da ƙwayoyi a kan tebur. Na ce a raina ɗan zafi kaɗan me zai yi, ai iyayenmu da shi suka warke. Na zaro takardar na tura ta tsakiyar littafin da ke ƙarƙashin matashina. Da yamma babanku ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu. Ba su ba ki wata takarda ba, ta yadda za a kula da wurin?"

Na girgiza kai. Ban buɗe baki ba, amma ƙarya ce cikakkiya.

Kwana biyu na yi ina sarauta. Kunun kanwa yana tururi, farfesun kaza da yajin jego, sirace da ganyen bedi, gashin kunci safe da yamma da tsumma da ruwan zafi. Ta taje mini kai, ta matsa mini ƙafafu, wanda duk ya zo dubiya ta ce ya rage murya. A rana ta biyu ta kawo ruwan zafi da 'yar kanwa ta ce in kurkure da ƙarfi. Na kurkure na zubar a tasa, sai ga wani baƙin gudan jini kamar ƙwayar dabino.

"Alhamdu lillahi," Yaya ta ce, "mugun jinin ya fita."

Ni na san ko mene ne. Murfin ne. Na tsaya ina kallonsa a cikin tasar, na kuma yi shiru.

Washegari ciwon ya iso. Na haihu sau biyar, na san ciwo, amma wannan daban ne, ba ya zuwa ya tafi. Kamar an gasa ƙusa an kafa a muƙamuƙi ana bugawa, ta bi ta kunne ta fito ta ido. Bakina ya ɗauki wani wari da ni kaina nake ƙyama. Kunci ya kumbura ya yi sheƙi, baki ya ƙi buɗuwa fiye da yatsa ɗaya, zazzaɓi ya rufe ni. Yaya ta ƙara wuta, don a saninta in ciwo ya ƙi, zafin ne bai isa ba. A rana ta huɗu da safe babanku ya ɗauke mu zuwa asibiti. Likita ya duba, ya tambayi me aka yi wa wurin, Yaya kuwa ta gyara zama ta lissafa masa komai da alfahari, tun daga kunu har kanwa. Ya cire tabarau ya dube ta ya ce wa ya sa a yi haka, da an ƙara kwana biyu kumburin ya gangara wuya, da labarin ya canza. Ba wanda ya tambaye ni komai, tun da an ga bakina ba ya buɗuwa. Ciwon ya rufe mini baki, ni kuma na fake a bayansa.

Muna dawowa gida suka kwantar da ni, sai na jiyo muryar babanku a tsakar gida, muryar da ban taɓa ji ba.

"Yaya, wannan jahilcin ya isa haka nan! Ba kowane ciwo ba ne haihuwa. Kin kusa kashe mani mata!"

Sai na jiyo muryar Yaya.

"Sada, ni ka ce ma haka?"

Na ji ƙarar ruwa tana tuntsurar da tukunya, na ji wuta ta yi cuuu ta mutu. Ta leƙo ta taga ta ce Allah Ya ba ni lafiya, ta sa aka kira Napep aka ɗora tukunyar, ta tafi.

Makonni ukun da suka biyo baya su ne jinyar gaskiya. Duk bayan kwana biyu in koma asibiti, likita ya wanke ramin ya cusa wani ɗan ƙyalle mai magani mai ƙamshin kanumfari. Kafin mu iso gida sai in ji ƙusar nan ta saki, in yi ta hamdala kamar an 'yanta ni, kafin ta dawo washegari da ɗan sauƙi. Na koyi cin abinci kamar jaririya, kunu sai ya huce sarai, dankali a murƙushe, komai ta ɓangare ɗaya. Bayan kowane ci in guntsi ruwan gishiri in karkata kai dama da hagu, in buɗe baki ya zuba da kansa ba tofarwa. Dasashin wajen ya yi ja yana jini da an taɓa, sai da buroshi mai laushi na yara. Salla a zaune, don da na yi sujada sai in ji zuciyata ta koma cikin muƙamuƙi tana bugawa. Kullum da safe in auna bakina da yatsu a gaban madubi, ɗaya, ɗaya da rabi, har ranar da biyu suka shiga na yi kuka don murna. Wanda bai taɓa rasa tauna ba bai san ni'imar da ke cikin lomar tuwo ba.

Babanku kuwa tsoro ya sauya shi gaba ɗaya. Ya ɗauki hutu a ofis. Ya zauna a bakin gado da kofi da cokali yana fifita kunu da murfin kwano, yana ɗanɗanawa kafin ya ba ni. Wata rana da hantsi yana goge mini haɓa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rabi, da kin tafi ban san yadda zan yi ba." Shekara ashirin da biyu ina jiran magana irin wannan. Ga miji, ga cokali, ga kalamai, komai ya cika yadda aka rubuta. Sai dai duk cokalin da na haɗiya na san a kan sunan wa aka ɗora shi. Kuma kullum da safe mai Napep ɗin unguwarsu Yaya zai yi sallama ya miƙo kwanon fura, an dama ta ruwa-ruwa, an tace, mai sanyi, ba saƙo ba gaisuwa. Ashe ta je ta tambayi abin da likita ya yarda mai irin ciwona ya sha.

Hajiya Larai, maƙwabciyar Yaya, ita ta zo dubiya ta fasa mini abin da nake gudu.

"Ke dai kin auna arziki, Rabi. Ai magana ta zaga unguwa. Shekaranjiya aka haihu gidan da ke kallon nasu, ba su kira ta ba. Uwar mijin ta ce ita ba ta son a dafa mata suruka da ranta." Ta yi dariya ta kama baki. "Tukunyar tana nan kife bayan ɗaki, kaji na hawa."

Bayan ta tafi na daɗe ina kallon silin. Na san abin da zan rasa in na yi magana, na kuma san abin da Yaya ke rasawa kullum in ban yi ba. Ba zan ce muku jarumta ce ta tashe ni ba. Furar ce. Na kasa haɗiye ta ranar. Da la'asar babanku ya shigo da kofinsa ya zauna, ya ɗebo cokali, sai na zaro littafin na buɗe tsakiya na miƙa masa takardar. Ya karanta gefen Hausa, ya juya ya karanta na Turanci, kamar mai fatan su saɓa.

"Tun ranar tana wurinki?"

Na ɗaga kai.

"Mi ya sa?"

Da bakin nan nawa mai faɗin yatsa biyu na ce, "Daɗi na ji. Ban so ta daina ba."

Ya mayar da cokalin cikin kofi a hankali ya ajiye a ƙasa. Daga ranar bai sake ɗaukarsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya yafe mini daga baya, bayan watanni, amma har yau in za mu ga likita sai ya shiga da ni ya ji da kunnensa. Ranar dai cewa kawai ya yi in ɗauko mayafina.

Mun sami Yaya a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta amsa sallama, ta shimfiɗa tabarma, ta yi mana gaisuwa tiryan-tiryan, gida da yara da aiki da jiki, kamar ba abin da ya faru. Babanku ya cire hula ya durƙusa a gabanta. Ni na yi bayanin, da ƙyar, kalma na fita ɗaya-ɗaya. Ta ajiye faifan.

"Tsaya, tsaya in gane. Likita ya ce kada ki sha, aka rubuta maki, kika karanta da idonki, kika ɓoye don kada in kashe wuta?"

"I, Yaya."

"Kina sane kika sha kunun? Har da gashin?"

"Ina sane."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Sai na ji dariya. Ta yi dariya har ta dafe ƙirji, hawaye na bin kuncinta, ta kamo hannuna ta riƙe.

"To ashe hannun nawa da daɗi! Sati ukku ban yi barcin kirki ba, ina cewa halan duk matan nan haƙuri suke da ni ban sani ba. Shashasha kawai, kin kusa ba da muƙamuƙinki a kan kunu." Ta juya ga babanku. "Kai kuma tashi, mayar da hularka. Tsoro ne ya yi magana da bakinka, na san ɗan da na goya."

Na ce mata gobe zan bi Ƙofar Durbi gida-gida in faɗi gaskiya, in fara da gidan da aka haihu. Nan take dariyar ta ɗauke.

"Ba inda za ki. Ni tsohuwa ce, an ce mani jahila, mi aka rage ni da shi? Gobe su manta. Ke kau in aka ji kin yi ma mijinki ƙarya kin bar yayarshi da zagi, ɗiyanki mata ukku ko ɗaya ba ta yi aure ba, da wane suna kike so a riƙa kiransu? Ko su ɗiyan kada su ji. Ki yi mani alkawari, muddin ina numfashi."

Na yi mata. Sai dai ba su manta ba. Masu aiko mata suka yi ta raguwa har suka ƙare, ba ta taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya, kuma duk sanda muka haɗa ido a taro aka taɓo labarin, ita ke fara dariya don kada in buɗe baki.

Nafisa, wannan ɓangaren naki ne. Da kika haifi ɗanki na fari kika dawo gida wanka, kin tuna abin da kika ce mini ranar da kika iso? Kika ce, Mama don Allah kada Gwaggo ta taɓa ni, ban shirya mutuwa ba. Tana bakin ƙofa, ta ji ki. Na tashi zan yi magana ta harare ni, ta ce ai kin yi gaskiya, ku 'yan zamani ku bi na likita. Kwana arba'in ta yi a gidan nan ba ta shiga ɗakinki ba sai don ta ɗauki jariri. Amma kullum tana madafa tun kafin rana ta fito, ita ke auna ruwan wankanki da gwiwar hannunta, ita ta daka yajin, ita ke dama kunun ta zuba a kwano ta miƙo mini in kai miki. Har yau kina gaya wa ƙawayenki ba mai kunun jego kamar Mamanki. 'Yata, ko sau ɗaya ban dama shi ba.